Daga Ƙunshin Lalle Zuwa Ƙunshin Asiton: Tarihin Cire Jan Farce

Wanda duk ya leƙa shagon kwalliyar mata na zamani, ko a Kano yake ko a Landan, yana iya tarar da mace a zaune ta shimfiɗa hannuwa bisa tebur, an naɗe mata kowane ɗan yatsa da takardar alminiyam, tana jira. In Bahaushe ne mai kallon, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne ƙunshi, domin haka iyayenmu mata suke zama da hannu a naɗe suna jiran lalle ya kama. Sai dai wannan ƙunshin na juye ne. Ita ba jira take yi launi ya kama ba, jira take yi ya saki. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka yi cire jan farce ya zama aiki mai zaman kansa, da kayan aikinsa da ƙa'idojinsa da haɗurransa, alhali kuwa an yi dubban shekaru ana rina farce ba a san wani abu wai shi cirewa ba.

Launin da ba a cirewa

Itacen lalle, wanda masana tsirrai suke kira Lawsonia inermis, yana da wani sinadari a ganyensa da ake kira loson. In aka daka ganyen aka kwaɓa aka ɗora a jiki, sinadarin nan yakan ratsa ya haɗe da keratin, watau abin da aka gina farce da gashi da saman fata da shi. Saboda haka lalle ba ya zama a bisa farce kamar yadda fenti yake zama a bango. Shiga yake yi cikin jikin farcen, kamar yadda baba yake shiga zare a marina. Fata takan saɓule a hankali, shi ya sa lallen tafin hannu yake koɗewa cikin mako biyu ko uku. Farce kuwa ba ya saɓa, tsiro yake yi daga tushe, kimanin milimita 3 a wata. Don haka jan da ya kama farce ba ya tafiya sai farcen ya tura shi gaba an yanke, abin da yakan ɗauki wata 4 zuwa 6 a hannu, a ƙafa kuwa shekara guda ko fiye. Tsofaffi kan dubi farin da ya tsiro a gindin farcen amarya su ƙiyasta kwanakinta a ɗaki.

Al'adar ta daɗe ƙwarai. An sami gawawwakin Misirawan dauri da alamar lalle a gashi da farce. A Afirka ta Yamma, al-Bakri, wanda ya yi rubutu a Andalus wajen 1068, ya ambaci itatuwan lalle a birnin Audagust, a ƙasar Muritaniya ta yau. Masu nazarin harshe suna danganta kalmar lalle da kalmar Azbinawa anella, sa'an nan daga Hausa ta shiga Yarbanci da Nufanci. A littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, sa lalle yana cikin manyan matakan aure. Amma abin lura ga wannan nazari shi ne kalmomin da Hausa ta tanada. Akwai kwaɓa lalle, da ƙunshi, da zunguru, watau dogon ƙwaryar nan da ake zura hannu a ciki, da kwance ƙunshi. Ana cewa lalle ya kama, ko ya koɗe. Duk cikinsu babu kalmar aikin cire shi, domin babu aikin. Haka abin yake a Sin da Koriya, inda ake daka wani fure da alif a ƙunsa a farce: launin yana nan sai farce ya fita da shi.

Ko a Turai da Amurka ma, har zuwa farkon ƙarni na 20, gyaran farce bai wuce yankewa da gogewa ba. Lokacin da Mary Cobb ta buɗe shagon gyaran farce a Niyok a 1878, abin da ake yi shi ne a shafa wata hoda ko man shafawa mai ɗan ja, a yi ta mulmulawa da fata mai laushi har farce ya yi sheƙi. Kwana ɗaya ko biyu ya gushe da kansa.

Albarushi da fentin mota

Jan farce irin na kwalba ɗan yaƙi ne, shi da abin da ake goge shi da shi. A 1846 wani masanin kimiyya a birnin Basel, Christian Schönbein, ya jiƙa auduga cikin ruwan asid mai ƙarfi, ya sami wani abu mai kama wuta kamar albarushi. Wannan shi ne naitiroselulos, ko mu ce audugar albarushi. Bayan ƙonewa yana da wata siffa ta biyu: in aka narkar da shi cikin ruwan da ya dace aka shafa, ruwan yakan tashi ya bar wani siririn ɓawo mai ƙyalli. Sojojin Ingila sun dogara da shi wajen haɗa albarushin bindigoginsu, kuma da asiton ake haɗin, wani ruwa fari mai kaifin wari wanda a da ake samu ta hanyar turara itace. Da Yaƙin Duniya na Farko ya yi tsanani, asiton ya yi ƙaranci. Sai Chaim Weizmann, malamin kimiyya a Jami'ar Manchesta, wanda daga baya ya zama shugaban Isra'ila na farko, ya kawo hanyar samar da shi ta ruɓar da masara da wata ƙwayar halitta. Daga 1916 aka shiga yinsa da yawa a Ingila da Kanada, sa'an nan Amurka.

Hanyar Weizmann tana da wani rara. Duk mudun asiton guda da aka samu, sai an sami kamar mudu biyu na wani ruwan dabam da ake kira butanol, wanda a lokacin ba a san abin da za a yi da shi ba, aka yi ta tara shi a tankuna. Da yaƙi ya ƙare, ga audugar albarushi jibge, ga butanol jibge. Kamfanin DuPont ya haɗa su ya fitar da fentin Duco a 1923, aka fara fesa wa motocin Oakland na General Motors na 1924. Fentin mota da a da yake cin makonni kafin ya bushe, ya koma na sa'o'i. A wannan zamanin ne, kuma daga wannan haɗin, jan farce ya fito. Northam Warren, wanda ya kafa Cutex a 1911, ya fara sayar da na ruwa wajen 1917. A 1932 Charles Revson da ɗan'uwansa Joseph da wani masanin haɗa sinadarai, Charles Lachman, suka kafa Revlon, suka kawo mai kauri wanda yake rufe farce ruf, launi iri iri.

Masu ba da labarin kwalliya sun fi son tsayawa a kan Revlon. A ganina shekarar da ta fi cancantar a riƙe ita ce 1928, lokacin da Cutex ya fara sayar da ruwan gogewa mai asiton don amfanin gida. Kafin mace ta yarda ta shafa wa jikinta fentin da ruwa da sabulu ba sa wankewa, sai ta tabbata tana da hanyar rabuwa da shi. Da aka sami ƴar kwalbar nan, launin farce ya tashi daga abin da ake zama da shi wata da watanni, ya koma kamar ɗankwali, a sa ja yau a sauya gobe. Sunan Cutex ya bazu har ya zama a Turancin Nijeriya shi ne sunan kowane irin jan farce. Hausa kuwa ta raɗa nata, ta ce jan farce, ko da kore ne ko shuɗi, kamar yadda ta ce jan baki. Aikin rabuwa da shi kuma ta ba shi kalmar gogewa, kalma mai sauƙi, domin aikin mai sauƙi ne: auduga, ɗigo biyu, shafa biyu.

Dalilin sauƙin yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Jan farce na kwalba bushewa yake yi kurum. Ƙwayoyinsa kamar zaruruwa ne dogaye da suka kwanta kan juna ba tare da an ƙulla su ba. In aka maido musu da ruwan da ya tashi, sai su warware su koma yadda suke. Misalinsa misalin tubalin laka ne da ya bushe a rana, wanda in ruwa ya same shi zai koma laka.

Likitocin haƙori

Mataki na gaba bai fito daga masu kwalliya ba, daga ɗakin likitan haƙori ya fito. A 1954 wani likitan haƙori a Filadelfiya, Fred Slack, ya karya farcensa a wurin aiki, ya gyara shi da akirilik, watau robar nan da ake yin haƙoran roba da ita, daga baya ya mai da abin sana'a. Stuart Nordstrom, wanda ya kafa CND a 1979, shi ma likitan haƙori ne. Kamfanin OPI kayan aikin haƙori yake sayarwa kafin George Schaeffer ya saye shi a 1981 ya juya shi wajen farce. Har ƴar na'urar nan mai juyawa da ake kankare farce da ita a shaguna, jikanyar injin haƙar haƙori ce. Wannan gadon yana da nauyi, domin abin da likitan haƙori yake nema shi ne cikon da zai shekara goma bai motsa ba. Ba a horar da shi ya yi tunanin cirewa bayan mako biyu ba.

Tun da wuri aka ga illar hakan. Irin akirilik ɗin da aka fara amfani da shi yana da tauri fiye da farcen kansa, ba ya jin asiton, in kuma ya maƙale a wani abu sai ya ɗago farcen gaba ɗaya daga nama. A 1974 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta je kotu ta sa aka janye shi daga kasuwa, aka koma wani ɗan'uwansa mai sassauci.

A farkon shekarun 1970 likitocin haƙori suka fara amfani da cikon da yake daskarewa in an haska masa wani haske da ido ba ya gani, mai suna altarabayolet. A farkon shekarun 1980 aka kawo wannan dabara ga farce, aka kira abin jel. Bai karɓu ba da farko, saboda masu yin jel dabam, masu yin fitila dabam, sau da yawa hasken bai dace da haɗin ba. Ya dawo a ƙarshen shekarun 1990, amma irin mai taurin nan ne wanda asiton ba ya ratsawa, sai dai a kankare da magagari. Wanda ya cika duniya shi ne wanda ake jiƙawa ya saki: Gelish a 2009, da Shellac na CND a 2010, da na OPI a 2011. Abin da aka tallata Shellac da shi ya ƙunshi alkawari biyu, cewa zai yi kwana 14 bai ɓantare ba, kuma za a cire shi cikin minti 10. Alkawari na biyun ne sabo.

Nan ya kamata a tsaya a fahimci abin da yake faruwa a cikin fitila. Jel ba bushewa yake yi ba. Ƙananan ƙwayoyi ne a cikin kwalba, tare da wani sinadari da yake jiran haske. Da haske ya taɓa shi, cikin daƙiƙa 30 zuwa minti 2, gwargwadon irin fitilar, sai ƙwayoyin su kama juna ta kowane ɓangare, zare ya zama saƙa. In jan farce na kwalba tubalin laka ne, jel tukunya ce da aka gasa. Babu ruwan da zai mai da tukunya laka. Saboda haka asiton ba ya narkar da jel ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne ya kutsa cikin ramukan saƙar, ya kumbura ta, har ta tattare ta tsattsage ta saki farce. Masu haɗa jel ɗin jiƙawa da gangan suke sassauta saƙar, wasu kuma su cuɗa ta da abin da asiton yake iya narkarwa, don ya sami ƙofar shiga. Kalmar gogewa ba ta da wurin zama a nan. Wanda ya ɗauki auduga yana shafawa kamar na kwalba zai wuni bai ga komai ba.

Yadda ƙunshin yake

Daga wannan fahimta aka gina hanyar da shaguna suke bi, kuma kowane mataki yana da dalilinsa. Da farko ana dusashe ƙyallin sama da magagari mai laushi, domin shafin ƙarshe shi ne mafi matsewar saƙa, in ba a karce shi ba asiton zai tsaya a waje. Gwanar aiki takan tsaya da zarar sheƙi ya tafi, tana barin launi a ƙasa ya zama shamaki tsakanin magagari da farce. Sa'an nan a shafa man basilin a fatar da ta kewaye farcen, a yanki auduga daidai faɗinsa, a jiƙa ta sharaf da asiton tsantsa, a ɗora, a naɗe tam. Ruwan gogewa na gida wanda aka sirka, ko wanda ba shi da asiton, ba ya wannan aiki.

Naɗin ba ado ba ne. Asiton yana tafasa a digiri 56 kacal, a buɗe kuwa cikin ɗan lokaci audugar za ta bushe, balle a zafin bazara ko ƙarƙashin fanka. Naɗi yana tsare shi, yana kuma tara ɗumin jiki, ɗumi kuwa yana hanzarta aikin. Wannan ita ce hikimar zunguru da ganye da tsumma a ƙunshin lalle: a hana danshi gudu, a tsare ɗumi, a hana hannu motsi. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ma ta fi son a naɗe da ledar rufe abinci maimakon alminiyam, saboda ta fi kamewa. A da kwano ake cikawa a tsoma yatsu, amma wannan yana jiƙa fata ba dalili, yana kuma cika ɗaki da tururi. Wasu kan rufa tawul mai ɗumi bisa hannu. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne ɗumama asiton a wuta, ko buɗe shi kusa da kasko ko turaren wuta, domin tururinsa yana kamawa ko a cikin sanyi. Wannan gargaɗi ya fi shafar shagunanmu, inda ake gyaran jiki da turare a ɗaki ɗaya.

Bayan minti 10 zuwa 15 ake kwance ɗan yatsa ɗaya, ba duka a lokaci guda ba, domin jel ɗin da ya sha iska yakan sake ƙanƙamewa. In ya nuna, za a gan shi ya tattare kamar ɓawon gyaɗa soyayya, ɗan tsinken katako ya isa ya ture shi daga gindi zuwa baki. In bai saki ba, a sake jiƙa auduga a mai da ƙunshi minti 5. A ƙarshe a wanke hannu a shafa mai, saboda asiton yana kwashe maiƙon fata da farce, abin da yakan fi tsanani da hunturu.

Duk ɓarnar da ake ɗora wa jel, mafi yawanta a wannan gaɓa take aukuwa, watau tsakanin kwance ƙunshi da sake shi. Kaurin farcen hannu kimanin rabin milimita ne, kuma hawa-hawa yake kamar albasa. Farcen da ya jiƙa yana da laushi. In aka sa ƙarfe aka kankare, ko mai shi ta sa haƙori ta ɓamɓare, jel yakan tafi da hawan sama na farcen. Fararen tabon da ake gani bayan cirewa, da farcen da yake lanƙwashewa kamar takarda, da wanda yake rabuwa da nama har datti ya shige, yawanci daga nan suke. Injin kankara yana gama aiki cikin ƴan mintuna a hannun ƙwararriya, kuma kankarewa ce kaɗai hanya ga jel mai tauri, amma a hannun ɗaliba yakan haƙa kwari a farce ya ƙona naman da yake ƙasa. Garin neman gira ke nan. Akwai kuma wasu ruwaye da ake tallatawa wai suna fasa jel cikin minti 3. An gwada wasunsu an sami mesilin kulorayid a ciki, sinadarin ɓare fentin ƙarfe da katako, wanda Amurka ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 1989.

Masu zama da warin

Tarihin nan yana da ɓangaren da mai zuwa gyara ba ta cika gani ba. A 1975, bayan faɗuwar Saigon, ƴar wasan fim Tippi Hedren ta ziyarci wani sansanin ƴan gudun hijira kusa da Sakaramento a Kalifoniya, ta sa mai gyara mata farce ta koya wa matan Biyetnam 20 sana'ar. Daga wannan ƙaramin iri, zuwa shekarun 2010 kusan rabin masu gyaran farce a Amurka ƴan asalin Biyetnam ne. Su suka karya farashi har abin ya zama na kowa. Amma araha tana nufin yawan hannuwa a rana, yawan hannuwa kuwa yana nufin gaggawa, kuma minti 15 na jira shi ne abu na farko da gaggawa take ci. Mai zuwa gyara tana shaƙar asiton sau biyu a wata, ma'aikaciya kuwa tana shaƙarsa daga safe zuwa dare, tare da ƙurar kankara. A 2015 jaridar New York Times ta buga bincike a kan ƙarancin albashi da lafiyar waɗannan mata, gwamnatin Jihar Niyok ta kafa dokokin gaggawa, daga baya ta wajabta na'urorin fitar da iska a shaguna.

A 2018 ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi shelar cewa cikin marasa lafiyar da aka gwada a asibitocin fata, kashi 2.4 cikin 100 jikinsu ya ƙi sinadaran da ake haɗa jel da akirilik da su. Jel ɗin da bai gasu sosai ba yana da sauran ɗanyun ƙwayoyi, waɗanda sukan taɓa fata lokacin shafawa, da lokacin da aka kankare su ko aka jiƙa su. In jiki ya ƙi su sau ɗaya ya ƙi ke nan har abada, kuma dangin waɗannan sinadarai ne ake cike haƙori da su, ake kuma liƙa ƙugun roba a tiyata. Abin da aka aro daga likitan haƙori ya dawo yana hana wasu mata zama a kujerarsa. Tarayyar Turai ta taƙaita biyu daga cikinsu ga ƙwararru kaɗai daga 2021, sa'an nan daga 1 ga Satumba 2025 ta hana wani mai suna TPO, ɗaya daga cikin masu jiran hasken nan.

Inda abin ya same mu

A ƙasar Hausa maganar cirewa tana da wani nauyi da ba ta da shi a inda aka ƙirƙiro jel, saboda alwala. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun bambanta launi da jiki. Abin da yake da jiki ya hana ruwa kaiwa ga gaɓa, kamar kakin zuma ko busasshen ƙullu, wajibi ne a gusar da shi. Abin da launi ne kawai, kamar lalle bayan an wanke ƙunshi, ba ya hana komai. Wannan hukunci ya riga jan farce da ɗaruruwan shekaru, amma ya raba shi da lalle daidai inda kimiyya ta raba su, ɗaya a ciki, ɗaya a sama. Shi ya sa lalle bai taɓa gushewa ba duk da shigowar kwalba, kuma shi ya sa mata da yawa suka keɓe jan farce ga kwanakin da ba sa salla. Kamfanin Inglot na Folan ya fitar da wani jan farce da aka ce iska da danshi suna ratsa shi, ya yi tashe tsakanin Musulmi wajen 2013, amma malamai sun saɓa a kansa, kuma ba jel ba ne.

Na kwalba ya dace da wannan tsari, domin ranar tsarki auduga ɗaya ta wadatar. Jel bai dace ba. An gina shi ya yi mako biyu ko uku, ita kuwa kwana biyar ko bakwai take da su, ko kwanakin biki. Ke nan Bahaushiya tana cire jel tun yana kan ƙarfinsa, kafin gefensa ya fara ɗagawa, kuma sau da yawa a lokacin da ba ta zaɓa ba, da dare ko da asuba, shago a rufe, babu asiton a gida. Abin da ya rage mata shi ne haƙori da reza. Sa'an nan ga wani abin da ba a cika faɗa ba: shafin farko na jel ba shi da launi, yana iya saura a farce bayan ja ya tafi, mai shi tana zaton ta gama. Ga macen Landan wannan ƙaramin aibi ne na kwalliya. Ga mai shirin wankan tsarki kuwa shi ne maganar gaba ɗaya.

Saboda haka nake ganin mai koyon wannan sana'a a garuruwanmu ya kamata ta ƙware a cirewa kafin a ba ta burushin shafawa, kuma a tambayi mai zuwa ranar da take son rabuwa da shi tun kafin a kunna fitila. In kwana huɗu ne, na kwalba ya fi mata. In ta nace, a haɗa kuɗin cirewa da na sawa, ko a sallame ta da ƴar kwalbar asiton da auduga da bayani. Masu yankan farce da suke yawo da almakashi a kasuwanni da tashoshi sun daɗe da sanin cewa ba a taɓa saman farce, baki da gefe kawai ake gyarawa. Sabuwar sana'ar ce take buƙatar koyon wannan.

Akwai kuma aiki ga masu nazarin harshe. Har yanzu a bakin mata ana cewa a goge jel, kalmar da aka gada daga zamanin kwalba, kuma kalmar tana koya wa hannu abin da bai kamata ya yi ba. Kankarewa da ɓamɓarewa sunayen ɓarnar ne. Kalmar da ta dace da aikin tana nan tun kaka da kakanni, watau ƙunshi, kuma tana ɗauke da duk abin da ake so ɗaliba ta sani: a jiƙa, a naɗe, a zauna, kada a kwance sai ya nuna. Shi kansa jel ana iya kiransa gasasshen jan farce, don a bambanta shi da busasshe.

Farcen da aka riga aka sisiye ba ya warkewa kamar fata, domin ɓangaren da muke gani ba shi da rai. Mai da ake shafawa yana rage tsagewa ne kawai. Sai a yanke shi gajere, a huta da jel, a jira sabo ya tsiro daga gindi milimita 3 a wata, watau wata 4 zuwa 6 kafin tabon ya kai baki a yanke shi.